Kurakuran da kamfanoni suka fi yi idan sun ɗauki masanin bincike, da yadda ake gyara su

Wani manaja ya taɓa shigowa ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki riƙe da 'yar leda a ɗaure, cikinta ƙwayoyin takin zamani da ba su fi cikin tafin hannu ba. Ya ajiye a kan tebur ya ce, "Ku gwada mana wannan." Na ce, "Ranka ya daɗe, a gwada a nemo me?" Sai ya dube ni kamar na yi masa raini. Ya ce ai mu ne masana, mu duba mu gaya masa ko yana da kyau. Da na matsa, sai zancen ya fito: kamfaninsu ke harhaɗa takin, manoma sun fara ƙorafi, shi kuma takarda mai tambari yake so ya nuna musu.

A cikin wannan leda ɗaya akwai kurakurai uku da na fi gani wajen masu neman shawarar masana, ko a harkar sinadarai, ko noma, ko magunguna. Babu tambaya, samfurin bai wakilci kayan ba, kuma an riga an yanke amsar da ake so tun daga ofis.

Mu fara da tambayar, don ita ce uwa. Babu wani gwaji da ake kira "duba ko yana da kyau". Kowace na'ura abin da aka saita ta ta nema shi take nema, sauran kuwa ko kallonsu ba ta yi. Hanyar da aka fi amfani da ita wajen auna furotin a abinci, wadda Johan Kjeldahl ya ƙirƙiro a Denmak a 1883, a gaskiya naitirojin take aunawa, sannan a ninka da wani adadi, galibi 6.25, saboda kusan kashi 16 cikin ɗari na furotin naitirojin ne. Masu algus a China sun san haka. Suka riƙa sirka madara da ruwa suna zuba melamin, sinadarin da kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa naitirojin ne. Madarar ta ci gwaji, na'ura ba ta yi ƙarya ba, amma a 2008 jarirai kusan 300,000 suka kamu da ciwo, aka tabbatar da mutuwar shida. Ba wanda ya tambayi na'urar ko akwai melamin.

Gyaran ba ya cin ko sisi. Kafin ka kira masani, zauna ka rubuta a shafi ɗaya wane hukunci za ka yanke da sakamakon. Za ka karɓi kaya ne ko ka mayar? Za ka canza mai kawo maka ɗanyen kaya? Hukuma za ka miƙa wa? In hukuma ce, wace ƙasa, domin iyakokin ba ɗaya ba ne: gubar afulatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa, a gyaɗar da za a ci kai tsaye, Tarayyar Turai ta tsaya a maikirogiram 4 (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) cikin kowane kilo, Amurka kuwa 20. Hanyar gwajin da ta isa ga wannan ba lallai ta isa ga wancan ba. Masani na ƙwarai zai ɓata zamansa na farko yana yi maka tambayoyi har ka ƙosa. Wanda ya karɓi aiki bai tambaye ka komai ba, ka yi hattara da shi.

Sai samfuri, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a nan aka fi asarar kuɗi ba a sani ba. Mutum zai yi ta ciniki kan wace na'ura za a yi amfani da ita, mai tsada ko mai araha, alhali ya tura yaron sito ya ɗebo daga bakin buhun da ke kusa da ƙofa. Afulatoksin ɗin nan, wanda duniya ta fara saninsa bayan da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sanadiyyar garin gyaɗa da aka shigo da shi daga Birazil, ba ya bazuwa daidai cikin kaya. Ƙwayoyi 'yan kaɗan ne ke ɗauke da shi da yawan gaske, dubbai kuma kusa da su lafiya lau. Ka ɗebi tafin hannu, kana iya samun sifili daga kayan da suka lalace, kana kuma iya samun adadi mai ban tsoro daga kayan da yawancinsu ƙalau suke. Shi ya sa ƙa'idar Codex, kundin dokokin ingancin abinci na duniya, ta ce a tara kilo 20 na ɓararriyar gyaɗa daga wurare da yawa, a niƙe duka, sannan a ɗauki ɗan abin da zai shiga na'ura.

Haka takin manajan nan. Da muka je siton da kanmu, muka soka bututun ɗiba daga sama zuwa ƙasan buhuna daban-daban, sai muka tarar ƙananan ƙwayoyi sun zame ƙasa saboda jijjigar mota, manya sun tsaya sama. Sama da ƙasan buhu ɗaya tamkar taki iri biyu ne. Lissafin haɗin daidai yake, girman ƙwayoyin ne bai zo ɗaya ba. Da mun gwada ledarsa, da mun ba shi lambobi masu kyau ko marasa kyau, kuma duka biyun ba su faɗi komai ba.

Saboda haka ka bar masani ya tsara yadda za a ɗebo, in da hali ya je da ƙafarsa. Ƙasar gona a ɗebo daga wurare 15 zuwa 20 a warwatse, a zurfi ɗaya, a gauraya, kuma tudu da kwari kowanne a yi masa nasa. Jini da ruwa suna da lokacinsu da sanyin da suke buƙata da irin kwalbarsu. A rubuta rana da lambar rukunin kaya da sunan wanda ya ɗebo. Sannan a raba abin da aka tara gida uku: ɗaya ɗakin gwaji, ɗaya ka ajiye a rufe, ɗaya don ranar gardama.

Na uku kuwa, wato zuwa da amsa a aljihu, shi ya fi wuyar magani, don a zuciya yake. Wasu ma har sukan ɗaura ragowar kuɗin masani a kan sakamako "mai kyau". Wanda ya yi haka ya sayi yabo ne da kuɗinsa, kuma ranar da hukuma ko abokin ciniki ya sake gwajin a wani wuri, asiri zai tonu. A biya kuɗin aiki kan aikin da aka yi, a kuma amince a rubuce tun farko wane adadi ne ci, wane ne faɗuwa. Sakamakon da ya ce abinka ba ya aiki, a wata na biyu, ya fi arha nesa da wanda kasuwa za ta gaya maka bayan ka gina masana'anta.

Akwai ɗan'uwan wannan kuskure: ɗauko takardar bincike ɗaya da aka wallafa a gina kasuwanci a kanta. A 2012 masu bincike na kamfanin magunguna na Amgen sun bayyana cewa sun yi ƙoƙarin maimaita manyan bincike 53 kan cutar daji, shida kawai suka tabbata a hannunsu. In ginshiƙin jarinka sakamakon wani ne, aikin farko da za ka ba masani shi ne ya maimaita shi da kayanka.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne kiran masani bayan an gama. Kamfanin iri ko na maganin ƙwari zai raba gona biyu, ya zuba wa rabi, ya bar rabi, damina ɗaya, sannan ya kawo lambobi a "yi musu lissafi". To rabin da aka zuba wa yana gangare inda ruwa ke kwanciya. Amfanin da ya ƙaru na maganin ne ko na laima? Babu lissafin da zai raba su. Ronald Fisher, wanda ya fara aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, shi ya kafa dokokin da har yau ake bi: a maimaita kowane gwaji a fuloti da yawa, a raba fulotin da ƙuri'a don kada son rai ya shiga, a tara masu kama da juna rukuni-rukuni. Shi ne kuma ya kwatanta kiran masanin ƙididdiga bayan gwaji da kiran likita ya duba gawa: iyakarsa ya faɗi abin da ya kashe gwajin. Tun ran gini, tun ran zane. A tanadi fuloti uku ko huɗu ga kowane abin gwaji, da waɗanda ba a zuba wa komai ba, a fiye da wuri ɗaya da fiye da damina ɗaya.

Wajen zaɓen ɗakin gwaji, mutane sukan ga tambarin ISO/IEC 17025, wato shaidar ƙwarewar ɗakin gwaji, su kwantar da hankali. Shaidar tana da jerin gwaje-gwajen da ta shafa; nemi jerin ka duba ko naka yana ciki. Na asibiti kuma ISO 15189 ne. Ka gwada su da dabara mai sauƙi: raba samfuri ɗaya biyu, ka ba su lambobi daban, ka ga ko amsoshin za su yi kusa. In rahoto ya ce "ba a gano ba", tambayi ƙaramin adadin da hanyar ke iya ganowa, domin hakan ba ya nufin babu. Takardar ingancin da mai sayar maka da ɗanyen kaya ya maƙalo a jikin ganga kuwa, maganarsa ce kawai. Sinadarin dayetilin gilaikol ya kashe mutane fiye da 100 a Amurka a 1937 ta cikin wani maganin sha, kuma har yau yana sake ɓullowa a magungunan tari, sau da yawa saboda an amince da abin da aka rubuta a ganga ba a gwada abin da ke ciki ba.

Masu sinadarai suna da nasu tarkon, wato ɗauka cewa abin da ya yi a kwalbar lita ɗaya zai yi a tanki. In ka ninka tsawo da faɗi da zurfin tukunya sau goma, abin da take ɗauka ya ninku sau 1,000, amma bangon da zafi ke fita ta cikinsa sau 100 kawai. A Disambar 2007 masana'antar T2 Laboratories da ke Jacksonville a jihar Fulorida ta tarwatse, mutum huɗu suka mutu, bayan na'urar sanyaya tankin ta gaza, haɗin ya ci gaba da zafafa kansa. Kada a tsallake matakin tsakiya, kuma a sa a auna zafin da haɗin ke fitarwa kafin a girmama shi. Lokaci ma gwaji ne. Maganin ƙanjamau mai suna ritonavir ya shiga kasuwa a 1996. A 1998 sai ya fara daskarewa da wata sabuwar siffa da ba ta narkewa sosai, dole kamfanin Abbott ya janye kafso ɗin. Gwajin gaggawa na daɗewar magani wata shida ne a zafin digiri 40 da laimar kashi 75, kuma ba masanin da zai iya mayar da wata shida mako uku don jirgin kayanka ya kusa tashi.

Ragowar na takarda ne, amma suna cizo. In binciken ya shafi mutane, izinin kwamitin ɗa'a da yardar kowane mutum kafin a fara ake samunsu, ba a neman su daga baya. In kana da niyyar yin rajistar ƙirƙira, kada kowa ya yi jawabi a taro ko ya wallafa kafin a shigar da takardu. A Turai bayyanawa ɗaya tana kashe haƙƙin, Amurka kuwa tana ba da rangwamen shekara guda. Malamin jami'a da wallafa yake samun ƙarin girma, don haka ku yi wannan magana tun ranar farko. A rubuta a yarjejeniya wa ke da sakamakon, kuma a sa sharaɗin cewa tare da rahoto za a miƙa maka ɗanyen bayanai: abin da na'ura ta fitar, kwafin littafin aiki, cikakken bayanin hanyar da aka bi, da gwaje-gwajen da suka ƙi yi. Waɗannan na ƙarshe su aka fi mantawa da su, kuma su ne masani na gaba zai fara nema ranar da ka canza hannu.