Yadda ake tsara rana da kalandar waya a Legas

Na daɗe ina riƙe harkokina da ka. In an ce mini "gobe ƙarfe goma", sai in ce to, in kama gabana. Abin da ya sa na daina, wani bawan Allah ne ya taso tun daga Ikorodu don mu yi lissafin buhunan albasa a kasuwar Mile 12, ni kuwa ina Agege na sha'afa sam. Ya jira ni har azahar. Kunyar da na ji ran nan ita ta zaunar da ni na koyi amfani da kalandar da ke cikin wayata, ga kuma yadda nake yi.

Da farko ka raba abubuwanka gida biyu, don nan ne yawancin mutane ke rikicewa. Duk abin da ke da rana da lokaci, kamar ganin likita, ɗaurin aure, isowar mota daga Arewa, kalanda zai shiga. Abin da ba shi da ƙayyadadden lokaci, kamar kiran dillali ko gyaran janareta, jerin ayyuka zai shiga. In ka cusa komai a kalanda, kafin sati ya zagayo wayar za ta dame ka da ƙara har ka daina kula ta.

Sannan ka zaɓi manhaja ɗaya ta kowane gida, ka tsaya a kanta. Mai wayar Android yana iya amfani da Google Calendar da adireshinsa na Gmail, kyauta. Na jerin ayyuka akwai Google Tasks, akwai Microsoft To Do, akwai Todoist. Ni Tasks na riƙe, saboda in na sa wa aiki rana yakan fito a cikin kalandar, ba sai na buɗe wuri biyu ba.

Yanzu buɗe kalandar, ka taɓa alamar ƙari, ka rubuta alƙawarin. Rubuta shi yadda ko daga barci ka tashi za ka gane. "Taro" ba ta isa ba. Rubuta "lissafin albasa da Alhaji, rumfa, a zo da littafi". Sa rana, sa lokaci, sa wuri.

Ga inda Legas ta bambanta da sauran garuruwa, kuma nan nake so ka ba ni aron hankalinka. A garin nan hanya ita ma alƙawari ce. In za ka ga mutum a Idumota ƙarfe goma kana zaune a Agege, lokacin da ya shafe ka shi ne lokacin da za ka rufe ƙofar gida. Saboda haka ka shigar da abu biyu: alƙawarin kansa, da wani a gabansa mai suna "hanya". Ni nakan ware awa biyu in zan tsallaka tsibirin Legas, inda Idumota take, da safe, in sararin sama ya haɗa hadari in ƙara rabin awa, don ruwa kaɗan ke tsayar da Oshodi cik. Jirgin ƙasan da ya fara aiki a 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo yana tsayawa a Agege, kuma da lokaci yake tashi, ba ya jiran ya cika kamar danfo, ƙaramar motar hayar Legas. In shi za ka hau, lokacin tashinsa za ka sa, tunatarwar kuma ta zo tun kana gida. Da na fara zana hanya a kalanda ne na gane alƙawari uku masu nisa ba sa yiwuwa a rana guda, na daina cewa kowa "ina nan tafe".

Tunatarwa kuwa ka sa guda biyu: ɗaya daren jajibere, ɗaya kafin fita. Ka leƙa saitunan batir ma, don wasu wayoyin kan toshe sanarwa da sunan tattalin caji. Ba kalandar izinin aiki ko wayar tana aljihu.

Abin da ke maimaituwa sau ɗaya za ka shigar, ka zaɓi maimaitawa. Zubin adashi duk Juma'a, kuɗin makarantar yara, aiken gida ƙarshen wata. Kuɗin haya a nan na shekara ake biya, shi ya sa na sa tunatarwarsa wata biyu kafin lokaci, kada maigidan haya ya riga ni tunawa. A cikin saitunan kalandar za ka iya kunna kalandar Hijira ta fito gefen ta bature, amma batun azumi da salla sanarwar Sarkin Musulmi za ka jira, lissafin waya kan saɓa da ganin wata.

Jerin ayyuka ba ya son dogon bayani. Bayan sallar isha'i ka zauna minti biyar, ka zubar da duk abin da ke kanka, ka ɗaga uku mafi muhimmanci zuwa sama. Kowanne ya zama abin da za ka tashi ka yi: "kira direba a ji inda ya kwana". Wanda ka gama ka taɓa shi ya fita. Wanda ya kwana sau uku, ko ka ba shi rana a kalanda, ko ka goge shi.

Jerin cefane da na kayan shago a Google Keep muke ajiye su, ni da uwargida da yaron shago, kowa na gani a wayarsa. In ta rubuta "manja da daddawa" ina kasuwa zan gani, in na saya na taɓa, ita ma ta ga an saya. Amma ka kula da abin da kake rabawa, kada ka zuba lambobin sirri na banki a ciki.

In data ta ƙare, abin da ka riga ka shigar yana nan a wayar. Wanda ka ƙara a lokacin zai hau asusunka da zarar ka sake hawa intanet, shi ya sa ko waya ta faɗi a danfo, kana shigar da Gmail ɗinka a sabuwa za ka tarar da alƙawuranka yadda ka bar su.