Ƙarfen tukunyar tururi: inda aka fi tuntuɓe wajen cika ƙa'idar ASME

A 1905 tukunyar tururi ta fashe a wata masana'antar takalma a Brockton ta jihar Massachusetts a Amurka, mutum 58 suka mutu. Irin wannan asara ce ta sa ƙungiyar injiniyoyi ta ASME ta fitar da kundin ƙa'idojinta na 1914. Mai haɗa tukunya ko tankin matsi, ko don gumin shinkafa a Kano ne, da kundin nan sufeto zai auna shi idan aikin na ASME ne.

Kuskuren farko shi ne sayen farantin ƙarfe da ido. Ƙarfe mai kauri da sheƙi ba lallai ya dace ba. Sashe na II na kundin ya jera ƙarafan da aka yarda da su, kuma wanda aka fi amfani da shi a tanki shi ne SA-516 mai daraja 70, wanda ba ya tsinkewa sai ƙarfin jan da aka yi masa ya kai 485 ko fiye a ma'aunin megafaskal. Sai ka ga an ɗauko SA-36, ƙarfen gini, don ya fi araha. Sashe na VIII, mai magana kan tankunan matsi, ya hana shi a tankin da zai riƙe abu mai kisa, sannan idan za a yi masa walda mai ɗaukar nauyi, kaurinsa ba zai wuce milimita 16 ba. Gyaran ba wuya: rubuta cikakken sunan ƙarfen a takardar oda, har da darajarsa, kada ka ce "farantin boila" kawai.

Wanda ya fi cin mutane kuwa, lambar narki ce. Kowane faranti yana fitowa daga masana'anta da lambar narkin da aka zubo shi a ciki, an buga ta a jikinsa, kuma ita ce a takardar gwajin da ke nuna sinadaransa da ƙarfinsa. Yaron shago ya kunna wutar gas, ya yanke faranti gida huɗu, lambar ta tafi da ɓari guda, sauran ukun sun zama marayu. Ƙarfen lafiyarsa ƙalau, amma sufeto ba shi da hujjar yarda da shi. Ƙa'ida ita ce a kwafe lambar a kan kowane yanki kafin a yanka. Kuma tun ranar da mota ta sauke kaya a gwada lambar jikin faranti da ta takarda, harafi da harafi. Takarda mai kyau ta wani farantin daban ba ta da amfani, kuma dillalai sun san ba kowa ke dubawa ba.

Kauri ma yana da nasa tarko: SA-516 da ya haura milimita 40 dole a gasa shi a bar shi ya huce a iska, takardar kuma ta nuna an yi.

Sai sandar walda, wadda ake mantawa ita ma kayan aiki ce da Sashe na II ya yi magana a kanta. Sanda mai lamba E7018 tana shan danshi. A bar kwalinta a buɗe da damina, walda ta tsage daga baya, wani lokaci bayan kwana ɗaya ko biyu. Da an fasa kwali, a sa ta cikin murhun ajiya mai zafin digiri 120 na Salshiyas, mai walda ya riƙa ɗibar abin da zai ƙone a 'yan sa'o'i.

Wasu na cewa ai gwajin ruwa, inda ake cika tanki da ruwa a matsa shi, zai tona komai. Ba zai tona ba. Tanki zai iya jure matsin gwajin ranar nan da ruwa mai sanyi, alhali ƙarfensa ba wanda zai jure shekaru cikin zafi da huci ba ne.