Ku Fara da Labari Kafin Lissafi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu shirin tsayawa gaban masu zuba jari, ko neman tallafin dala 5,000 na Gidauniyar Tony Elumelu, don Allah kada ku buɗe baki da jerin lambobi.

A ce rumbun adana albasa kake son kafawa a Aliero, garin noman albasa a Jihar Kebbi. Fara da manomin da ka sani. Ya sha wahalar ban ruwa duk rani, ya cire albasa daidai lokacin da kasuwa ta cika, kuɗin buhu ya faɗi. Ya ce bari ya ajiye, zafin bazara ya taso, ga shi tsugune yana tsince ruɓaɓɓu yana kaiwa juji. Wanda ya taɓa jin warin nan ba ya mantawa. Daga nan sai ka ce: ga rumbun da iska ke ratsawa, ga abin da manomi zai biya kan buhu, ga ribarku.

Labarin kada ya wuce minti ɗaya, kuma ya zama gaskiya, don za su tambaye ka ƙauyen. Kafin ranar, gwada shi gaban wani dillalin albasa, ka lura da inda ya ɗago kai.