Idan Zazzaɓin Lassa Ya Ɓulla a Ɗakin Kwanan Ɗalibai

A jami'o'in da gonaki suka kewaye, irin na Wudil da Kafin Hausa, da rani ne aka fi fargabar Lassa, lokacin da ɓera, mai yaɗa cutar, ke bin abinci har ɗaki.

Ɗalibin da ya sha maganin maleriya kwana 3 zazzaɓi bai sauka ba, a keɓe shi, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko a kira NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, a lambar 6232. Kada a jira ganin jini, ba kowa ke zubarwa ba. Farasitamol kawai, ban da asfirin, don yana ƙara zubar jini.

Babban kuskure shi ne sallamar ɗalibai cikin firgici, an raba cutar ƙauye-ƙauye ke nan. Duk wanda ya taɓa majinyacin ko kayansa, a riƙa auna zafin jikinsa safe da yamma har kwana 21. Wanda zafinsa ya kai digiri 38, sai asibiti.

Amai ko jini a ƙasa, a sa safar hannu, a kwarara masa haɗin kofi 1 na bilic mai ƙarfin kashi 3.5 da kofi 6 na ruwa, a jira minti 15 kafin a goge. A haɗa sabo kullum, wanda ya kwana ƙarfinsa ya ragu. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli kuwa, a bokiti mai murfi.