Sabar wasa a gida: kurakuran da ke hana abokai shigowa

Ka ɗora sabar wasan Minecraft, manhajar da abokai ke haɗuwa a cikinta su yi wasa tare, a kan kwamfutarka a Samaru, kai kana shiga lafiya lau, amma abokinka na Kongo ko Sabon Gari ya ce wasan ya ƙi haɗawa. Daga nan sai a far wa rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, da canje-canje, a buɗe wannan a rufe wancan, data na ta tafiya a banza. Sau da yawa ba a inda ake lalube matsalar take ba.

Babban kuskuren da na fi gani a Zariya shi ne mutum ya fara saiti bai tabbatar yana da adireshin IP nasa na kansa a intanet ba, wato lambar da ake samunsa da ita daga waje. Yawancinmu da layin waya muke hawa intanet, a sa SIM a MiFi ko ƙaramar rauta. Adireshin IPv4, nau'in IP da aka saba da shi, ya yi ƙaranci a duniya, don haka kamfanonin waya kan tara mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna barkatai: ka wangale ƙofar ɗakinka, amma makullin ƙofar waje na hannun mai gida, baƙonka kuwa yana tsaye a titi. Duk abin da ka saita a rautarka a ƙofar ɗaki ya tsaya. Hatta Starlink, a tsarinta na gida da aka saba saya, haka take raba IPv4.

Gane wannan ba ya cin minti biyar. Buɗe shafin rautarka a burauza, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a yawancin na Huawei. Nemo inda aka rubuta WAN IP ka rubuta lambar. Sannan ka shiga ɗaya daga shafukan da ke nuna wa mutum adireshinsa na intanet, ka kwatanta. In lambobin biyu sun zo ɗaya, hanya a buɗe take. In ta rautar ta fara da 10, ko ta faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, to kana bayan CGNAT, kada ka ƙara wahalar da kanka da saitin ƙofa, wato Port Forwarding, inda ake gaya wa rauta ta miƙa wa kwamfutarka baƙin da suka zo ta wata lamba.

Hakan bai kashe maganar sabar ba. Mai intanet na waya da aka ja har gida zai iya tambayar kamfaninsa ko suna ba da adireshi na kai, sau da yawa da ƙarin kuɗi. Wanda ke kan SIM kuma ya bi ta rami, wato hanyar da ke zagaye ƙofar wajen: playit.gg na ba ka adireshin da za ka tura wa abokai, ba tare da ka taɓa rauta ba. Tailscale da ZeroTier kuwa suna haɗa kwamfutocinku kamar kuna ɗaki ɗaya, sai dai kowa sai ya sa manhajar. In ku biyar ne ko shida da kuka san juna, wannan na biyun nake ba da shawara, domin babu baƙon da zai ga sabar balle ya ƙwanƙwasa. Abin lura kawai, idan saƙonku sai ya zagaya ta wata na'ura a ƙasar waje kafin ya dawo Zariya, za ku ji ɗan jinkiri a wasan.

To, a ce adireshinka naka ne. Abu na gaba da ke kayar da mutane shi ne adireshin kwamfutar a cikin gida. Ka tura ƙofa zuwa 192.168.1.5, komai ya yi aiki. Da daddare NEPA ta ɗauke wuta, rauta ta mutu ta tashi, wayar ƙanenka ta riga kwamfutar haɗawa ta karɓe lambar, kwamfutar ta koma 192.168.1.8. Yanzu rautar na kai baƙinka wajen wayar da ba ta san da zamansu ba. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya, dole wannan ya faru. Maganinsa a sashen DHCP na rautar yake: nemo Address Reservation ko Static Lease, ka ɗaure lamba ɗaya ga kwamfutar har abada. Rubuta ipconfig /all a Command Prompt zai nuna maka lambar da take kai yanzu da adireshin MAC, lambar shaidar kwamfutar a sadarwa, da rautar za ta nema. In da hali, ka haɗa ta da rauta da kebul maimakon Wi-Fi.

Sai lambar ƙofa da nau'inta, TCP ko UDP, hanyoyi biyu na aika saƙo a intanet. Minecraft Java na amfani da 25565 a TCP, Bedrock na waya kuma 19132 a UDP. Terraria 7777 ce a TCP, Counter-Strike 27015 a UDP. Wanda ya buɗe 19132 a TCP bai buɗe komai ba. A wasu rautoci sashen ba ma Port Forwarding ake kiransa ba, Virtual Server za ka gani.

Windows ma tana da nata shingen, wato Firewall. Ranar da ka fara kunna sabar ta tambaye ka ko ta bar Java, manhajar da sabar ke gudana a kanta, ta karɓi baƙi, da yawa kan rufe tambayar ba su karanta ba. Kada ka kashe shingen gaba ɗaya don huce haushi. Shiga Inbound Rules a saitin shingen ka ƙara doka ɗaya ta wannan ƙofar kaɗai, ka kuma duba cewa Windows ta ɗauki intanet ɗin gidanka a matsayin Private.

Gwaji kansa yana ruɗa mutane. Lambar da ta fara da 192.168 ta cikin gida ce, ba ita ake tura wa aboki ba. Kai kuma in ka gwada shiga da adireshinka na waje alhali kana kan Wi-Fi ɗin gidan, rautoci da yawa za su ƙi, ko da saitin daidai yake. Ka sa wani daga waje ya gwada, ko ka yi amfani da datar wani layin. Shafukan duba ƙofa za su ce a rufe take muddin sabar ba ta kunne a lokacin, kuma ba a dogara da su a kan UDP. A fayil ɗin saitin sabar, server.properties, bar layin server-ip babu komai. Cusa adireshin waje a wurin na hana sabar tashi.

Gidan da ke da rauta biyu, ta kamfani da wadda aka ƙara don Wi-Fi ya kai ɗakunan baya, sai an tura ƙofar a duka biyun, ko a mayar da ta biyun Access Point. Idan kuma adireshinka na waje yana sauyawa, DuckDNS ko No-IP za su ba ka suna tsayayye da zai riƙa bin lambar.

Akwai wanda in ya gaji sai ya jefa kwamfutar cikin DMZ a saitin rauta. Don Allah kada ka yi. Wannan na buɗe dukkan ƙofofinta ga duniya, kwamfutar da kake shiga banki da ita, wadda aikin makarantarka ke ciki. Ko ƙofa ɗayar da ka buɗe, akwai na'urorin da aikinsu ke nan dare da rana, laluben 25565 a faɗin intanet. A saitin sabar, kunna white-list ka sa sunayen abokanka kaɗai, bar online-mode a true, canza kalmar sirrin rautar daga wadda ta zo da ita, kuma kada ka taɓa buɗe 3389 ta Remote Desktop. Ka riƙa kwafe babban fayil ɗin world, inda duniyar wasanku take, zuwa filashi lokaci-lokaci, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar adanawa na iya lalata ginin da kuka yi watanni kuna yi. Rautar da kwamfutar duka su kasance a kan inbata ko UPS. Laftof mai batir ba ta da amfani in rautar ta mutu.