Yadda ake hasashen wanda ba zai zo ganin likitan ƙwaƙwalwa ba

Matasanmu masu aikin bayanai a asibitocin Makka da Jidda sukan kwaso bayanan shekara guda su zuba wa kwamfuta, sannan su rasa dalilin da hasashen ya ƙi daidai. Kafin komai a nemi izinin asibiti, a musanya suna da lambar iƙama (katin izinin zama a Saudiyya) da wata lambar sirri, domin dokar kare bayanan mutum ta Saudiyya, wadda ta fara aiki a Satumban 2023, ta tsananta a kan bayanan lafiya.

Inda aka fi faɗuwa shi ne tantance wanda da gaske bai zo ba. Wanda ya soke ranar ganin likitansa tun da wuri ta Sehhaty, manhajar Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya, daban yake da wanda ya yi shiru, haka ma wanda asibiti ya ɗage wa rana saboda likita yana hutu. Mafi muni shi ne wanda ciwonsa ya tashi aka kwantar da shi ta sashen gaggawa kafin ranar, rajista ta nuna bai zo ba alhali yana kan gado a ginin. Idan aka cakuɗa waɗannan, kwamfuta za ta koyi shirme. Saboda haka a zauna da ma'aikatan rajista a bi wasu ɗaruruwan layuka da hannu, ko da hakan zai ci mako guda. Babu manhajar da za a saya ta yi wannan aiki.

Daga nan a ɗauko sau nawa mutum ya ƙi zuwa a baya, tazarar kwanaki tsakanin ba shi rana da ranar kanta, da ko zuwan farko ne. Lallai a ƙara kalandar Hijira, tunda azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, cunkoson Hajji kuma yana hana mazauna Makka zirga-zirga. Kada a sa wani bayani da aka rubuta bayan ranar ta wuce.

Ƙididdigar lojistik, wato dabarar lissafi mai ƙiyasta yiwuwar mutum ya zo ko ya ƙi zuwa, ta wadatar; ana yin ta da R ko Python, harsunan shirya manhajar kwamfuta, kuma kyauta ne. A koyar da ita da watannin baya, a gwada ta da na gaba, a auna nawa ta gano cikin waɗanda ba su zo ba. Wanda ta nuna, a kira shi a waya da harshen da yake ji, kada a ba wani gurbinsa.