Yadda ɗan wasa ke komawa mai sharhi: abin da na koya wurin 'yan hokin ƙanƙara

Wani ƙanena a nan Agege, tsohon ɗan bal ne gwiwa ta tsayar da shi, kullum maganarsa shi sharhin wasa zai koma yi a rediyo. Na ce masa zo ka zauna mu kalli yadda 'yan hokin ƙanƙara na Kanada da Amurka suke yi, duk da dai wasannin NHL, babbar gasar hokinsu, sai tsakar dare ko ƙarfe 1 suke farawa a Legas, ga sauro ga kukan janareto.

Abu na farko, cire wa ranka cewa sai wanda ya yi suna. Wayne Gretzky ya ci ƙwallo 894 a NHL, Paul Bissonnette kuwa 7 kacal ya ci a wasa 202, amma tun 2021 teburi ɗaya suke zama a tashar TNT, kuma shi Bissonnette ɗin bakinsa ne ya kai shi can, tun yana wasa yake barkwanci a Twitter daga baya ya shiga fodkas. Kai ma fara da wayarka, ka ɗauki muryarka minti biyu bayan an tashi wasa a gidan kallo, ka saurara da kanka, wallahi za ka ji kunya ranar farko amma haka ake farawa.

Sai ka san aikinka. Mutum biyu ne a makirfo, ɗaya yana faɗin abin da ke faruwa, wane ya ba wane, kai kuma tsohon ɗan wasa naka shi ne dalili. Kar ka maimaita abin da kowa ya gani da idonsa. A hoki 'yan wasa ba sa wuce kamar sakan 45 a fili ake canza su ana cikin wasa, to mai sharhin kirki shi zai ce maka ai wancan ɗan bayan ya makale bai samu fita ba, ƙafarsa ta mutu, shi ya sa aka wuce shi. Ray Ferraro, wani tsohon ɗan hoki mai sharhi, har tsakanin bencin ƙungiyoyin biyu yake tsayawa yana sharhi don ya ji abin da koci ke faɗa. Kuma lokacinka kaɗan ne, ana nuna maimaici furodusa na maka magana a kunne, jimla biyu ka gama kafin a sake jefa faifan da suke bugawa a madadin ƙwallo, in kai mai dogon zance ne irin na majalisar mai shayi to ka fara rage shi tun yanzu.

Matsayin da ka buga ma jari ne. Kevin Weekes gola ne, ya fara sharhi a 2009, baƙar fata na farko da ya yi wannan aikin a NHL, kuma in ana maganar gola ba ka da ta cewa a gabansa.

Sai baki. Dole wata rana ka soki abokin da kuka kwana ɗaki ɗaya a kam, soki abin da ya yi a fili ka bar mutuncinsa. Don Cherry ya yi kusan shekara 40 yana sharhi a shirin talabijin na Hockey Night in Canada, a Nuwamban 2019 tashar Sportsnet ta sallame shi saboda maganar da ya yaɓa wa baƙin da suka yi ƙaura zuwa ƙasar.

Ƙanen nawa dai ya turo min muryarsa ta farko jiya, minti 11, na ce ya mayar da ita biyu ya sake turowa.